Ramin da aka toshe a bayan saks ɗin Baba

Salamu alaikum jama'a. Ni mabushi ne, saksofon nake busawa yau shekara 30 da wani abu, kuma in muka gaisa hannu da hannu zaka ji ƙaramin yatsana na dama baya lanƙwasuwa, a sandare yake sai kace an ɗaura masa kara. Duk wanda ya san harkar busa in ya lura sai yace to kai da me kake danna E-filat, wato muryar da wannan yatsan ke bugawa a jikin saks, ni kuma sai inyi dariya ince labarin da tsawo. Yau dai nace bari in zauna in bada shi tun daga tushe, wanda ya gaji a hanya ya yafe min.

A Zariya aka haife ni a 1971. Kakana na wajen uwa mai algaita ne a ƙofar wani hakimi, kuma tun ina ɗan mitsitsi abin da ke ɗaure min kai shine ramukan algaitar nan guda huɗu ne kacal amma muryoyin da tsohon ke fitarwa basa ƙirguwa, ya rufe rami rabi, ya ɗan ɗaga yatsa kaɗan, ya matse leɓe, kumatu sun kumbura kamar an hura balan-balan numfashi baya yankewa, sai kaji algaita tana kiran sunan mutum da na ubansa. Mahaifina kuwa tela ne, baya son ko jin zancen, a wajensa busa roƙo ne kuma ɗansa bazai zama maroƙi ba. Shi yasa a 1989 ya tattara ni ya tura Kano koyon gyaran rediyo a Sabon Gari, don ya raba ni da kakan. Ashe gudun gara akayi aka faɗa gidan zago.

Bayan shagon maigidana akwai wani tsoho mutumin Kumasi, ya busa a ƙungiyoyin hayilaif tun zamanin da kowane babban otal yake da nasa makaɗa, ya zauna Legas, ya zauna Jos, ƙarshe Kano ta riƙe shi. Hausar zango yake yi, mace ma "ya zo" yake ce mata, mu yara muna ta dariya a ɓoye. Baba kowa ke ce masa. Kullum bayan la'asar zai fito da wani akwati da aka ɗaure da robar taya ya zauna kan benci yayi ta busa shi kaɗai, ni kuma in bar ayan sola a wuta in laɓe jikin katanga, har ranar da ya kama ni yace yaro na, kallo kake so ko koyo? Nace koyo Baba. Yace to je ka sayo min goro.

Saks ɗin nasa alto ne, wato mai matsakaicin girma, fari, ruwan azurfa ne a jikinsa amma duk inda hannu ke taɓawa ya goge tagulla ta fito. A jikin bel, wato faffaɗan bakin nan na ƙasa, an zana C.G. Conn da Elkhart, sunan kamfanin da ya ƙera shi da garinsu. A baya kuma ƙarƙashin inda babban yatsan dama ke zama akwai rubutu ƙanana da aka buga da ƙarfe, layin farko akwai DEC. 8, 1914, sai wata doguwar lamba, sai harafin A, sai wata lambar mai M a gaba, can ƙasa kuma harafin L shi kaɗai. Baba yana alfahari da 1914 ɗin nan ba kaɗan ba, yace saks ɗinsa sa'an Najeriya ne, shekarar da Turawa suka haɗe Kudu da Arewa aka ƙera shi, ko wa ya zo sai ya juya ya nuna masa. Nima haka nayi ta faɗa wa mutane shekara da shekaru.

Lokacin bansan wani saks ba sai shi, don haka duk abin da ke jikinsa na ɗauka haka kowane yake. Maɓallin G-shaf na ƙaramin yatsan hagu an yi masa zane-zane kamar magagarin farce, don kar yatsa ya zame in gumi ya zo. Manyan faifai biyun nan na ƙasa, na B da na B-filat, ɗaya na gefen hagun bel ɗaya na gefen dama, in ka danna su tare sai su rufo kamar tsuntsu ya haɗa fiffike. A wuya kuma dab da inda ake cusa bakin busa akwai wani kauri kamar murfin tocila mai gurza-gurza, Baba yace da can juya shi ake a saita murya amma ya ƙage tun lokacin yaƙin basasa. Sai wani ɗan maɓalli a tsakanin yatsun dama wanda yake kira maɓallin malalata, shi aikinsa in ka riƙe G-shaf da hagu sai ka riƙa taɓa shi da dama yana rufe ramin yana buɗewa, ka samu karkarwar G da G-shaf ba tare da ƙaramin yatsan hagu ya wahala ba. Baba ya hana ni taɓa shi sai da na shekara.

Sai kuma ramin. A bayan saks ɗin can ƙasa, gefen da ke jingina da cinya, akwai wani ɗan faifai ƙarami bai kai ficika ba, an tura guntun kok na bakin kwalba a ƙarƙashin kariyarsa an danne shi ruf, kok ɗin har yayi baƙi. Na tambayi Baba yace wannan ciwo ne, wani mai gyara a Legas ya toshe shi tun kafin a haifi uwarka, iska yake zubarwa, kar ka kuskura ka taɓa. Shikenan ban ƙara tambaya ba. Amma akwai abin da na lura da shi ina yaro, in ina busa D yatsu uku na dama duk a ƙasa, ko na ɗaga na tsakiya murya bata canzawa, D ɗin nan dai take fita, sai na maida shi wasa ina ɗagawa ina mayarwa, Baba ya gani ya make min hannu yace lalaci ne zai kashe ni.

Abin da tsohon nan ya fi dagewa a kai shine murya ɗaya tana da ƙofofi da yawa. B-filat kaɗai hanya huɗu ya koya min, akwai ta ɗan ƙaramin maɓallin nan da manuniyar hagu ke haɗawa da B a danna tare, akwai ta gefe da ake bugawa da gindin manuniyar dama, akwai manuniya da manuniya, akwai manuniyar hagu da na tsakiyar dama, kuma kowacce da inda take shiga, wata don gudu wata don murya ta zauna daram. C ma haka, ko yatsan tsakiyar hagu ko ka riƙe B ka bugi na gefe. D ta tsakiya in kana so ta fito siririya sai ka bar yatsu shida ka buɗe ta tafin hannu kawai. Saks ɗin bashi da maɓallin F-shaf na can sama wanda na zamani ke da shi, sai dai ka haɗa F ta gaba da B-filat ta gefe ka matse. Zai sa ni in busa murya guda ina sauya mata ƙofa, wa-wa-wa, har sai ta fara kama da magana, ranar da na fara samu sai kakana ya faɗo min a rai, nace Baba ai wannan shine abin da masu algaita keyi, yace to da ka ɗauka Bature ne ya fara wayo? Abu ɗaya ne ya raba su da kakana, shi Baba in ka kumbura kumatu zaka sha rankwashi.

A 1996 ƙafa ta matsa masa, 'ya'yansa suka aiko ya koma gida. Ya kira ni ya ajiye akwatin a gabana yace kuɗin mota kawai zan bashi zuwa Kumasi. Na haɗa abin da nake da shi na ranto sauran. A tasha ya riƙe hannuna yace yaro na, ka riƙa shafa masa mai, ka cire rid, ɗan siririn karan nan na baki, bayan busa, ramin baya kuma ka barshi yadda ka ganshi. Daga nan bamu sake haɗuwa ba, labarin rasuwarsa ma a bakin wani direban goro naji.

Gaskiya ban riƙe amana yadda ya kamata ba. Da na fara shiga cikin samari masu busa a coci-coci da wajen dina da 'yan badujala masu ritaya, sai aka fara yi min dariya, wai na ɗauko kayan gidan tarihi. Ranar da na fara riƙe saks na zamani kuwa sai naji kamar wanda ya sauka daga kan jaki ya hau mashin, komai laushi, maɓallan ƙaramin yatsan hagu suna kwanciya da kansu suna bin yatsa, na Baba kuwa sai ka sa ƙarfi kamar kana tura ƙofar zaure. Daga baya ne na san dalili, kamfanin Selmer na Faransa ne wajen 1936 ya maida faifan bel duka biyu gefen dama ya sauya yadda sandunan ke tafiya, ya zo a 1954 ya fitar da Mark VI, tun daga nan kusan duk masu ƙera saks tsarin suke bi, har da masu arha da ake kawo mana. A 2001 na sayi irin masu arhan nan mai ruwan gwal yana ta ƙyalli, na tura na Baba ƙarƙashin gado, uwargida ta maida akwatin wajen ɗora kwallayenta.

Harkar ma lokacin ta fara ja baya, fiyano ta shigo ta cinye komai, yaro ɗaya da Yamaha a situdiyo zai yi maka ganga da garaya da algaita da saks ɗin ma gaba ɗaya, wa zai biya mutum biyar. Amma dai ana samun na cefane, ga gyaran rediyo ya koma gyaran waya ina haɗawa.

Sai 2008, ranar wata Alhamis da yamma na hau acaɓa zan je wajen atisaye, wata mota ta buɗe ƙofa a gabanmu, na tashi sama na sauka kan hannun dama. Saks ɗin na bayana ko ƙwarzane bai yi ba, ni kuwa ƙaramin yatsa ya karye wuri biyu. Aka kai ni wajen mai ɗori ya ja ya ɗaure da kara, ƙashi ya haɗe lafiya lau amma gaɓar ta mutu, da aka kwance sai ga yatsa a miƙe, daga gindi yana ɗan motsi sama da ƙasa amma ya lanƙwasa ko ya matsa gefe babu. Bana zargin kowa, haka Allah ya rubuta.

Wanda baya busa zai ce don ƙaramin yatsa ɗaya? To bari in gaya maka aikinsa. Maɓallai biyu yake riƙe da su, E-filat a sama C ta ƙasa a ƙarƙashinta, da 'yan taya biyu a tsakani da yatsa ke zamewa a kai daga wannan zuwa wancan. Kuma alto ba a murya ɗaya yake da jita ba, in masu jita suka ce G ni E zan busa, in suka ce D ni B zan busa, su kuma nan ne gidansu basa fita, to a E da B ɗin nan muryar da muke ce wa E-filat ko D-shaf tana nan tsakiyar hanya, a E ma itace "ti" da zata kai ka "do", ba yadda zaka yi ka kauce mata. Na gwada juya hannu gaba ɗaya in kai yatsan, sai sauran yatsun su ɗaga iska ta zube. Na gwada tsallake ta, waƙa ta koma kamar mai giɓi yana magana. Wata dina da akayi a wani ɗakin taro amarya na shigowa ni ke jan waƙa, na kai wajen sai saks yayi wani ƙiii kamar an taka ɗan kare, mutane suka juyo, mai jita ya sunkuyar da kai. Ban ma tsaya karɓar kuɗina ba. Sati biyu bayan nan na sayar da mai ruwan gwal ɗin na biya kuɗin makarantar yara.

Shekara biyar ban sa rid a baki ba. Ko a rediyo naji saks sai in murɗa tasha. Uwargida tace na zama mai faɗa, yara in sun ji sallamata sai kowa ya nutsu, ni ban ma san ina yi ba.

Cikin hunturun 2013 muna kwashe kaya za a yi wa ɗaki siminti sai ga akwatin Baba, robar tayar ta tsinke, na buɗe wani wari na tsohon ɗaki ya bugo ni, azurfar tayi baƙi ƙirin. Wani ɗan gwangwan na wucewa da kurarsa uwargida ta kira shi, ya ɗaga ya jijjiga a hannu ya faɗi kuɗin da ko buhun gawayi bazai saya ba, wai tagulla ce kilo biyu da ɗan wani abu. Saura kaɗan in ce ɗauka, sai nace bari dai in kai wa Malam mai agogo ya duba min ko azurfar ta gaske ce kar a cuce ni.

Malam dattijo ne da ke da ɗan tebur mai gilashi a bakin layinmu, shekara 40 yana gyaran agogo, bai san do ba bai san re ba, kiɗa ma baya saurara. Ya karɓa ya sa ɗan madubin nan nasa a ido ɗaya, maimakon ya duba azurfa sai ya shiga danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya yana bin sandunan da ido, wannan ya taɓa wancan, wancan ya ɗaga wancan, kamar mai bin sawun ɓarawo. Ya kai wajen yatsun dama ya tsaya. Ya danna na uku, sai yaga faifan na biyu ya bi shi ya rufe alhali ba wanda ya taɓa shi. Ya danna farin botin na tsakiya, yaga ashe ba a jikin faifansa yake ba, a kan wani hannu daban yake zaune wanda ya zagaya baya. Ya juya saks ɗin ya bi hannun har kan ɗan faifan da aka danne da kok.

Yace wa ya sa wannan?

Nace ciwo ne Malam, tun a Legas aka toshe, iska yake zubarwa.

Ya cire madubin ya kalle ni yace kai ɗan nan, wanda ya ƙera abin nan ya huda rami, ya yi masa baki, ya yi masa murfi da sanda da sifirin da kariya, duk don ya ƙera ciwo? Ni ban san me yake yi ba amma aiki aka sa shi.

Kafin in ce wani abu ya sa hantsaki ya zaro kok ɗin, ya fito ya rabe biyu a kan tebur. Wallahi sai da gabana ya faɗi, muryar Baba naji a tasha. Faifan bai ɗaga ba don sifirin ɗin ya mutu, Malam ya ɗaga shi da farce, ya danna botin tsakiya ya rufe, ya saki ya ɗaga. Yace to gashi, in yatsan tsakiya na ƙasa a rufe yake, in ka ɗaga ya buɗe, sauran kuma na uku ya riƙe maka su, mene ne amfanin haka a wajenku?

Ni kuwa na riga na daskare a tsaye, don ramin yana daidai tsayin ramin E-filat ne. Wasan da nake yi ina yaro Baba na make min hannu, ɗaga na tsakiya a kan D, ashe ba lalaci bane, hanya ce da aka gina aka toshe bakinta. Manuniya da yatsan zobe a ƙasa, na tsakiya a sama, E-filat kenan babu ruwanka da ƙaramin yatsa. Na zauna kan bencin Malam ina kallon hannuna, yana ta tambayata lafiya, na kasa bashi amsa.

Kar ku ɗauka washegari na koma busa, wata huɗu muka yi muna fama. Faifan fata duk sun bushe sun tsage, fad muke ce musu, kwali ne a ƙasa sai ulu sai fata a sama, waɗanda na samu saya a wajen masu gyaran kayan badujala na saya, ɗan ƙaramin na baya kuwa babu girmansa ko'ina sai da na je wajen majema na samo fatar akuya mafi laushi Malam ya fefe ta da reza har ana ganin haske ta ciki. Sifirin kuma allurar ɗinki ya gasa a kan fitila har ta yi shuɗi ya yanke. Wuyan da ya ƙage tun yaƙin basasa muka jiƙa a kananzir kwana tara, ranar na goma Malam ya naɗe shi da tsumma ya murɗa sai ji muka yi ƙaƙat, ya juya, ashe zare ne a ciki kamar na noti, kana juyawa bakin busa na matsawa gaba ko baya a hankali ba sai kayi ta murɗa shi kan kok ba. Da dare kuma in an ɗauke wuta sai mu zura 'yar tocila cikin saks mu rufe faifai, duk inda haske ya leƙo nan iska ke zuba. Akwai ramin da ya ƙi zama na ɗauko magagari zan goge bakinsa ya daidaita, Malam ya riƙe min hannu yace duba da kyau, bakin nan naɗe shi akayi kamar bakin kwano, kana gogawa zaka huda. Da ya bari na goga da na kashe saks ɗin da hannuna.

Kuma in faɗi gaskiya mai gyaran Legas ba mahaukaci bane. Ɗan faifan nan fitinanne ne, botin ɗaya ke rufe faifai biyu kuma dole su sauka lokaci guda, in ɗaya ya riga ɗaya da kaurin takarda to duk muryoyin ƙasa sun tafi, D ta riƙa gargada C ta ƙi fita. Mai yatsu goma lafiyayyu me zai sa ya zauna yana lallashin wannan, ya toshe ya huta. Muryar ma da ta fara fita a dishe take kamar mai mura saboda ramin ƙarami ne, sai da muka rage kok ɗin da ke tare shi ya ƙara buɗewa, ni kuma na koyi ƙara mata iska kaɗan duk sanda na zo kanta. Har yau in ka kasa kunne sosai zaka ji E-filat ɗina ta fi 'yan uwanta duhu, ni dai na saba har ina sonta a haka. Maɓallin C ta ƙasa kuma muka liƙa masa kok mai kauri ya taso ya tarar da yatsan a inda yake, tunda daga gindi yana motsi sai ya zauna nan dindindin aikinsa ɗaya, danna C.

Wahalar da ta fi duka a kaina take, shekara 20 hannu ya saba abu ɗaya yanzu kace ya ɗaga na tsakiya, sai in zo gudu inga ƙaramin yatsan yana ta ƙoƙarin miƙewa aikin da bazai iya ba. Bayan sallar asuba nake shiga shago in rufe in cusa tsumma a bel saboda maƙwabta, D E-filat D E-filat, C E-filat, E D-shaf E, kamar ɗan aji ɗaya.

'Yata ta biyu ce ta ɗauki hoton rubutun bayan ta shiga intanet da shi, ta zo tana dariya tace Baba ai saks ɗinka ba sa'an Najeriya bane. Ashe 1914 ɗin shekarar da aka yi rajistar dabarar jawo bakin ramuka daga jikin tagullar ce, ita ake bugawa a jikin dubbai, lambar mai M itace ta ainihi kuma tamu ta ɗan haura 200,000, wato wajen 1927 zuwa 1928, samfurin da ake kira New Wonder na biyu, a garin Elkhart na jihar Indiyana a Amurka, inda kamfanonin Buescher da Martin suma suke a lokacin. Naji ba daɗi kaɗan saboda Baba, amma nace gara da bai ji ba. A na nufin alto. L kuwa ashe shine babban rabo, yana nufin an gina shi kan ma'aunin murya na 440 da kowa ke amfani da shi yau, akwai masu H da aka gina kan wajen 457, su ko me zaka yi bazasu daidaita da fiyano ba. Nan na tuna wani abokina da ya sayi tsohon saks tenor a gwanjo yayi ta zagin kunnensa shekara biyu, na kira shi nace juya bayansa ka karanta min, yace H. Mun yi dariya har da hawaye.

Ita ce kuma ta riƙa nuna min wasu abubuwan mamaki na zamanin, ashe shekarun 1920 haukar saks akayi a Amurka kowane kamfani na gwada tasa dabarar. Buescher sun yi fad masu ɓallawa kamar botin riga ba sai da gam ba. Akwai saks mai muryar C da aka yi don mutum ya karanta takardar fiyano kai tsaye a gida. Conn a 1928 sun fitar da wani miƙaƙƙe mai ƙwallo a ƙasa kamar tulu, bai karɓu ba. Na can farko irin na Adolphe Sax, mutumin Beljiyam da yayi rajistar kayan a Faris a 1846, maɓallin oktaf, wato na haurar da murya sama, biyu gare su babban yatsa ne ke zaɓar wanda zai danna, yanzu kuwa ɗaya ne yana zaɓa da kansa. Kuma E-filat irin tawa ba Conn kaɗai ke da ita ba, yawancin na Amurka na lokacin suna da ita, kuma yawancinsu an toshe, wasu da kok wasu an juya sifirin ɗin. Ta kunna min Lester Young shima, wani shahararren mabushin saks na Amurka, yana tsayawa kan murya ɗaya yana sauya mata ƙofa, nace wannan ai karatun Baba ne a kan benci.

Na koma dina ta farko a ƙarshen 2014 da baƙin saks ɗina da na goge da toka da tsumma, mai jitan nan na ranar ƙiii shi ya kira ni. Da muka zo waƙar shigowar amarya yace G, ya kalle ni ta gefen ido, na ɗaga na tsakiya ta wuce sumul, bai ce komai ba sai da aka tashi ya zo ya kama hannuna yana juyawa yana neman inda na ɓoye yatsa na shida.

Malam mai agogo bai taɓa zuwa ya ji ni ba kuma ban taɓa matsa masa ba, amma duk farkon hunturu in fata ta fara bushewa nakan kai masa, ya sa madubi ya zura takardar sigari ƙarƙashin faifai biyun ya ja yaji ko riƙonsu ɗaya, ya ɗan lanƙwasa hannun da hantsaki, baya karɓar ko sisi sai dai in kai masa goro. Bana idonsa ya fara rauni, ɗansa ne ke riƙe tocila ni ina jan takardar shi yana faɗa mana inda za a taɓa. Guntayen kok ɗin nan biyu da ya zaro suna cikin gwangwanin Robb a aljihun akwatin tare da rid, wani yaro da nake koya wa busa ya taɓa buɗewa zai zubar wai datti ne, na make masa hannu.